Motar Aron Buba

Ku matso nan inuwa, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Ɗazu ina ciki ina jin ɗayanku yana cewa wai aikin Baba Hamisu ba aiki ba ne, leda ce a manna wa mota, in ta tsufa a ɓare, ko mai sayar da ƙanƙara zai iya. To madalla. Ban yi fushi ba. Ni ma da nake kamarku bakina ya fi hannuna sauri. Amma tunda kun zauna, bari in ba ku labarin mota guda, in na gama sai ku faɗa mini ko mai ƙanƙarar zai iya.

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, wata safiya bayan kaka, wani Bafulatani ya tsayar da farar mota kat-kat mai buɗaɗɗen baya a ƙofar garejin nan. Sunansa Buba, mutumin dajin Azagor ne, dogo, siriri, magana ba ta dame shi ba. Na san shi a kasuwar dabbobi, ban taɓa saninsa da mota ba. Ni kuwa ɗan maƙera ne, tsakaninmu da Fulani akwai wasa tun kakanni, sai na ce mishi, "Kai Buba, wa ka sace wa? Ko sanda ta gaji ne ka koma kiwo da sitiyari?"

Bai yi dariya ba. Ya zagaya motar a hankali, ya ce, "Maƙeri, ta aro ce. An ce kana sa wa mota riga."

Mai motar Alhaji Idi ne, ɗan garin nan, dillalin shanu da harkarsa ta bunƙasa ya koma zama bakin teku, daga Kwatano sai Lome. Gidan mahaifinsa nan ne masaukin mahaifin Buba duk ranar kasuwa, Alhaji da Buba tare suka tashi, a akushi ɗaya suka ci tuwo. Da Alhaji ya ji ciyawa ta ƙi a arewa, sai ya aiko a ba Buba mabuɗi, ya riƙa ɗaukar wa dabbobinsa ruwa da dusa har Allah ya kawo sauƙi. Buba ya iya tuƙi tun yana saurayi, lokacin da ya yi ci-rani a tashar mota. Abin da ya hana shi barci daban ne. Kun san habbanaye, saniyar da Bafulatani ke ba ɗan'uwansa aro ya tayar da garke. A wurinsu saniyar aro ta fi taka daraja. Ita ake fara shayarwa, ba a dukanta, kuma ranar da za ka mayar da ita, in akwai tabo ko na tsinke a jikinta, ka zubar da mutuncin gidanku. Buba bai san wata dokar aro ba sai wagga. Daji kuwa da zai shiga, ƙaya ce hagu da dama, farar ƙaya da aduwa da magarya, ga ƙahon shanu masu ƙishirwa. Ya ce mini, "Yadda aka ba ni ita, haka nake so in mayar. In ta koma da rauni ba ni da idon da zan dubi Alhaji."

Na ce mishi akwai dabara, amma tana da wa'adi. Leda iri-iri ce. Akwai farar nan siririya da sababbin motoci ke zuwa da ita daga tashar jirgin ruwa, ita ta hanya ce kawai. Akwai mai kauri garai-garai, mai tsadar tsiya, da ke shekaru a jikin mota, wadda ni kaina sai an yi oda nake ganinta. Sannan akwai ta tsakiya, wadda nake da ita a lokacin, mai jure ƙaya ƙwarai amma ba ta jure rana. Na ce, "Buba, ka buɗe kunnenka. Kafin zafin bazara ya kankama ka kawo ta in cire. In ta kwana biyu cikin wannan rana, danƙon zai dahu, ta zama fata ɗaya da fenti." Ya ce in sha Allahu.

Kafin in taɓa leda sai da na wuni ina binciken fentin, kuma a nan ne mai ƙanƙararku zai fara faɗuwa. Fentin kamfani an gasa shi a wuta, ya kama ƙarfe, leda ba ta ɗaga shi. Fentin gareji kuwa, wanda irinmu ke fesawa, yana kwance ne kawai a sama, ranar cirewa sai ya biyo leda ya bar maka tol, wato ƙarfen jikin mota, tsirara. Ina da ɗan maganaɗisu da nake naɗewa a tsumma, ina bin jikin mota da shi. Inda ya kama da ƙarfi, ƙarfe ne da fentinsa na asali. Inda ya yi sanyi-sanyi, an taɓa cike wurin da mastik, ƙullin nan da ake toshe lotsawa da shi. Ina ɗaga robar gefen gilashi in duba ko feshi ya taɓa ta. Motar Alhaji lafiyarta lau ko'ina, sai ƙofar direba. A nan maganaɗisun ya yi mini gardama. Na nuna wa Buba, na ce wagga ƙofa an taɓa gyara ta, ina tsoronta, mu bar ta haka. Ya ce, "Ita ce ƙofar da Alhaji ke buɗewa kullum, ita zai fara gani. Rufe ta." Na rufe, ba don raina ya so ba.

Kayan aikin ba su da yawa, ga su can a kan tebur, kuna iya raina su. Gorar feshi, da katin roba mai laushin baki da muke ce wa rakilet, da reza, da tsumman da bai taɓa faɗuwa ƙasa ba, da na'urar busar da gashi da na saya hannun wata mai kitso. Ruwan feshin ba na rijiya ba ne. Ruwan rijiyarmu yana da yashi da gishiri-gishiri, in ya bushe ƙarƙashin leda sai ya bar fari-fari kamar ƙyasbi. Fiyawata nake fasawa, in ɗiga sabulun wankan jarirai kaɗan. In sabulu ya yi yawa leda ta yi ta sulɓi ta ƙi zama, in ya yi kaɗan ta cafke tun ba ka daidaita ta ba. Ba wanda zai auna maka, yatsunka ne za su gaya maka. Sannan a rufe ƙofa da taga, a yayyafa wa daɓe ruwa, kuma ba a aikin ranar kasuwa, don garken da ke wucewa ta bayan garejin nan yana tayar da ƙasa har cikin kwanon abinci. Ƙwayar yashi guda in ta shige ƙarƙashi, ta zama ƙurji, mai mota kuwa ba zai ga sauran aikin ba, ƙurjin nan kaɗai zai gani.

Yanka shi ne uwar sana'ar. Leda tana kwance a kan fenti, kai kuma za ka bi ta da reza ka yanke ta ba tare da bakin rezar ya san akwai fenti a ƙasa ba. Ni a Maraɗi na koya, wurin maigidana Shitu, Allah ya jiƙansa. Da farko gyaran tol da fenti ya koya mini, na daɗe ba abin da nake yi sai gugar mota da takardar yashi har zanen yatsuna ya shafe. Da leda ta fara shigowa, ya je Yamai ya gano yadda ake yi, ya dawo ya ce sai na iya. Tumatir yake saye, nunanne luguf, ya shimfiɗa guntun leda a kai, ya miƙo mini reza. In ruwan tumatir ya fito, ranƙwashi. Na ɓata tumatir har matarsa ta daina saye don miya, ta ce na wurin aiki ya ishe ta. Ranar da na raba ledar biyu tumatir bai yi hawaye ba, bai ce mini sannu ba. Cewa ya yi, "To, yanzu ka daina zama haɗari ga dukiyar mutane."

Motar Buba na rufe mata kai, da kumatu biyu, da ƙofofi, da gefen akwatin baya, har bayan madubai. Wurin lanƙwasa ina hura zafi in ja a hankali, in bi da rakilet daga tsakiya zuwa baki ina korar ruwa. Cikin akwatin kuwa, inda za a ɗora tano na ruwa da buhuna, leda ba ta da amfani, sai muka shimfiɗa tsofaffin tib na tayar babbar mota, muka ɗora tabarmin kaba. Buba yana tsugune a gefe yana kallo tun daga farko har ƙarshe. Da na gama ya shafa ƙofar da bayan hannunsa, ya ce, "Ba a ganin komai." Na ce ai shi ne aikin, in an gani ban iya ba. Ya tayar da mota ya yi arewa.

Wannan shekara ba ta bar kowa ba. Kada ku ɗauka in fari ya zo makiyayi kaɗai yake kamawa. Garin nan da dabba yake numfashi. In sa ya yi daraja, dillali ya sayi mota, mai mota ya zo wurina, ni in je wurin mai nama. A shekarar nan saniya ta koma ba ta kai buhun hatsi ba. Masu motoci suka jingine su. Motocin furoje, na ƙungiyoyin agaji, da ke kawo mini aiki suka koma jigilar abinci, ba mai zancen fenti. Na koma fentin ƙyauren gidaje da liƙin tankin babur, wata rana ma in buɗe gareji in share in rufe. Naɗin ledar da ya rage mini na sa shi ƙarƙashin gado don kada zafi ya lalata shi, uwargida tana ta mita wai na kawo mata kishiyar tabarma. Aiki guda da na samu a tsakiyar rani, ban so shi ba. Wani ɗan kasuwa ne daga Kornaka da ya ƙi cire farar ledar tashar jirgi daga sabuwar motarsa, wai don jama'a su san sabuwa ce dal. Ya yi ta yawo da ita har ta yi ruwan ƙasa ta tsattsage. Da farce na kankare ta, ƙanana-ƙanana kamar ɓawon gyaɗa, ina yi ina tunanin motar Buba.

Bazara ta shigo, ba Buba. Zafi ya kai inda ko jaki neman inuwa yake, ba Buba. Na aika saƙo ta bakin masu zuwa kasuwa daga arewa. Wani ya ce ya gan shi a wata rijiya yana ɗora tano. Wani ya ce ai motar ba ta hutawa, ba dabbobinsa kaɗai take yi wa ba, duk rugagen yankin ita ce jakinsu, har mai naƙuda ta kawo asibiti. Amsar da ta dawo mini ita ce, "A ce wa maƙeri ya yi haƙuri, in na sauke ta yini guda, akwai waɗanda ba za su tashi ba." Mi zan ce? Na haƙura. Amma duk ranar da na fito na ji ƙarfen ƙofata yana ƙona hannu, sai in tuna ledar nan tana can tana dahuwa.

Sai da damina ta sauka, ta yi kyau, aka yi girbi, sannan ya zo. Wallahi ban gane motar ba, shi ma da ƙyar na gane shi. Ya rame har rawaninsa ya yi mishi yawa. Ledar ta yi jawur, ta yi tauri, ƙaya ta zane ta tun daga fitila har wutsiya, ba inda za ka ɗora tafin hannu ba ka taɓa zane ba. Tayu kuwa sababbi ƙal. Na tambaye shi, ya ce na Alhaji sun cinye, ya sayar da bijimi cikin 'yan da suka rage ya sa wasu. Ya ce Alhaji ya yi waya, yana tafe ranar kasuwa mai zuwa.

"Maƙeri," ya ce, "cire mata rigar. Mi za mu tarar a ƙasa?"

Na ce, "Allah kaɗai ya sani. Na gaya maka wa'adi."

Ya ce, "Ka gaya mini."

Ban ƙara ba. Mutumin da ya binne rabin garkensa ba ya buƙatar wa'azin maƙeri.

To ku da kuka ce a ɓare kawai, ku saurara. Leda mai lafiya ana ɗumama ta, a kama kusurwa, a ja ta kwance-kwance tana bin jikin mota, ba a fizge ta sama. Wadda ta dahu ba ta san wannan ba. Ka ja ta tsinke, ka ja ta tsinke. Na'urar gashi ta yi mata kaɗan, wuta kuma ana ɗaukewa. Sai na hura gawayi, na ɗora tukunya, muka riƙa tsoma buhunan algarara da tsofaffin zannuwa a ruwan zafi muna shimfiɗa mata, in ta yi laushi in sa rakilet a ƙarƙashi ina lallashinta. Danƙon da ya rage ban sa mishi fetur ba, fetur yana kashe hasken fenti. Man gyaɗa na shafa, in bar shi ya jiƙa, in murza da tsumma, in wanke da sabulu. Yatsuna suka yi ruwa suka fashe. Buba shi ne mai tukunya, ya ƙi tafiya masauki. A bakin tukunyar nan ne, ba tare da na tambaye shi ba, ya riƙa nuna mini zane yana faɗin inda aka same shi, murya ƙasa-ƙasa kamar mai karanta wasiƙar wani. Wanga ƙahon wata saniya ce da ta ji ƙamshin ruwa ta kasa jira. Wanga igiya ce, da suke ɗaura wa dabbar da ta faɗi su ja ta da mota ta miƙe. Wanga kuma daji ne da ya ratsa ba hanya, don ya riga rana isa wani garke.

Duk inda na ɗaga, fenti na fitowa fari tas, yana ƙyalli kamar ba a taɓa fita da shi ba. Sai in ji Buba ya sauke numfashi. Ƙofar direba na bari ƙarshe, don tsoro. Na yi bisimilla, na sa mata zafi kaɗan-kaɗan, don zafi mai yawa shi ke tayar da fentin gareji. Ban ja da hannu ba, da nauyin yatsa biyu na bi ta, ina kasa kunne. Fentin da zai tashi yana da ƙara, wani ɗan ƙas-ƙas kamar an taka busasshen ganye. A wajen mariƙin ƙofa na ji shi. Na tsaya cak, zufa tana shiga mini ido. Na saki wurin, na zagayo ta ɗaya gefen, na jiƙa bakin da mai, na bar shi ya sha, na dawo na tura ledar baya maimakon in ja ta. Ta saki. Ledar ƙofar nan ta fito kusan ɗungurungum, fenti bai biyo ta ba ko ƙwayar gero. Na zauna a ƙasa daɓas. Na ji daɗi ranar nan, ba zan ɓoye muku ba, daɗin da ban taɓa ji a kan wata mota ba.

Na goge rufin da rana ta dusashe har ya daidaita da sauran jiki. Buba ya wanke ciki, ya cire tib da tabarmi, ya turara ta da turaren wuta. Tarkacen ledar na tura a buhuna na jefa bayan gareji.

Ranar kasuwa da hantsi Alhaji Idi ya iso, ƙato, mai fara'a, babbar riga tana jan ƙasa. Suka rungume juna, aka yi gaisuwa mai tsawo. Ina gida, ina dabbobi, ina wahala? Buba yana ta "lafiya lau, sai godiya," yadda ya riƙa ce mishi a waya shekara guda. Sannan ya ciro mabuɗi ya miƙa da hannu biyu.

Alhaji ya juya ya dubi motar. Ya zagaya ta. Ya duƙa ya dubi tayu, ya leƙa akwatin baya, ya shafa ƙofa. Ina tsaye ina jiran yabo, har na fara gyara hula. Sai na ga fara'ar tana barin fuskarsa. Agogon kilomita na motar ya mutu tun kafin a ba da ita, ba abin da zai gaya mishi tafiyar da ta yi.

Ya ce, "Buba, ina ka ajiye ta?"

Buba ya ce, "Tana wurina."

"Na san tana wurinka. A wace rumfa ka ɗaure ta? Motar da ta yi shekara a dajin Azagor ke nan? Ko akuya ba ta hau ta ba!" Ya juyo ya fuskanci Buba. "Na ji labarin abin da ya sami mutane. Na ce alhamdu lillahi, ɗan'uwana yana da mota. Ashe ka fi ƙarfin abin hannuna. Ubanka ya ba ubana saniya, muka sha nononta muka girma, ba mu ce mun fi ƙarfinta ba. Ni na ba ka ƙarfe, ka adana mini shi, ka bar dabbobinka suka mutu don kada a ce ka ci arzikin Idi?"

Jama'a sun fara taruwa, kun san ranar kasuwa. Na dubi Buba, na ce yanzu zai yi bayani. Ina! Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Fulako, kunyar nan ta Fulani, ba zai bar shi ya tsaya gaban mutane yana lissafa wahalar da ya sha ba, ko da za a yanka shi. Alhaji ya jefa mabuɗin a aljihu ya juya zai shiga mota, kuma na san in ya ja ƙofar nan, abin da ke tsakanin gidajen nan biyu ya ƙare, a kan aikin hannuna.

Na ce, "Alhaji, don girman Allah dakata." Na ruga bayan gareji na jawo buhunan, na zazzage su a gabansa. Na ɗauko ta ƙofar direba, wadda ta fito ɗungurungum, na shimfiɗa a ƙasa na danne kusurwoyin da duwatsu. Na ce, "Ga fatar da motarka ta sa ta shiga daji. Shi ya sa na rufe ta don kada ya mayar maka da ita da tabo. Tayun nan ma ba naka ba ne, naka sun cinye, bijiminsa ya sayar."

Buba ya ce, "Maƙeri, ya isa."

Na ce, "Bai isa ba, kai ka yi shiru da naka, ni ba Bafulatani ba ne."

Alhaji ya tattare riga ya tsuguna. Dillalin shanu ne, ba sai an fassara mishi ba. Ya bi dogayen zanen da yatsa, ya tsaya a wani rami mai zurfi, ya ce, "Ƙaho." Ya matsa gaba inda igiya ta ci wuri guda har ta yi baƙi. Ya daɗe a nan. Ya san abin da ake ja da igiya a irin wannan shekara. Ya ɗago wani guntun, ya ɗago wani, duk labarin ɗaya ne. Da ya ɗaga kai idanunsa sun kaɗa.

Ya ce, "Duk wanga, kana ce mini lafiya lau?"

Buba ya ce, "To ai lafiya ce, tunda muna raye."

"Mi ya rage?"

"Abin da Allah ya bari. Ba don motar ba, da ba ko ɗaya. Ba ni kaɗai ba."

"Sun tashi?"

"Suna tashi. Rijiyar ce da nisa har yanzu."

Alhaji ya miƙe, ya share fuska da hannun riga. Ya ciro mabuɗin, ya tsaya a ƙofar direba, ƙofar nan da na kusa barin raina a kanta. Na ɗauka buɗewa zai yi. Sai ya kafa bakin mabuɗin a fenti, ya ja, ƙiiii, tun daga madubi har mariƙi, farin fenti yana zubowa kamar gari. Na yi salati da ƙarfi, na dafe kai. Wani a cikin taron ya ce Alhaji ya taɓu.

Ya kamo hannun Buba, ya danƙa mishi mabuɗin, ya naɗe yatsunsa a kai.

"Ga shi na yi mata tabo na farko da hannuna, kowa shaida ne. Sauran naka ne. Ka koma da ita, kada in gan ta sai 'yan maruƙa sun cika maka ruga. Kai kuma Hamisu, in ka ƙara sa mata leda, ni da kai ne."

Buba ya dubi mabuɗin da ke hannunsa. Ya ja rawani ya rufe fuskarsa har ido, ya daɗe tsaye a haka. Sannan ya sa yatsa ya bi zanen nan tun daga farko har ƙarshe, ya buɗe ƙofar ya shiga.